Shuɗiyar Tutar Kaka Armand

Arnage, Litinin 5 ga Yuni

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na cikin jirgi. Yaya teku, yaya tsayuwar kicin? Ina fata ciwon bayan nan bai dawo ba. Mu nan lafiya. Kawu Gaetan da Anti Murielle suna gaishe ki, jaririyarsu ta fara haƙora, kowa ta samu sai ta ciza.

Na san wannan takarda za ta zauna a ofishinku na Le Havre har jirginku ya dawo ƙarshen wata, lokacin an gama tseren motoci har an kwashe shara. Duk da haka zan rubuta, don in ban rubuta ba karatu ba zai shiga kaina ba, ga jarrabawar Faransanci saura kwana takwas.

Gari ya fara cika. Mutanen Ingila sun kafa tantuna a gonar da ke bayan coci, da safe layin burodi har bakin titi. Jiya aka rufe hanya aka yi gwajin motoci na yini guda. Na ɗauki littattafaina na hau tudun nan da ke kallon rumfar masu tuta ta su Kaka a bakin titin tsere, wai zan yi bita. Shafi biyu na karanta.

Mama, kin tuna ina 'yar shekara shida kika ɗora ni a wuya a kan wannan tudu, na tambaye ki me ya sa masu tuta suke tsayawa fuska da fuska kamar masu faɗa? Kika ce mai shuɗiyar tuta yana kallon inda motoci ke fitowa, in mai sauri ta taho bayan mai sanyin gudu sai ya ɗaga wa na gaba ya ba da hanya. Mai rawayar tuta kuwa yana kallon inda suke tafiya, saboda haka bayansa ne ke wajen motoci. Kika ce shi ba shi da ido a ƙeya, idonsa shi ne wanda ke gabansa, in wani abu ya taho na gaban ne zai fizge shi. Har yau haka suke: Kaka da shuɗiya, Kawu da rawaya.

Bana an kawo wata mota ruwan azurfa, tana gudu fiye da kowa amma ba ta da ƙara. Wucewa take kamar an ja labule. Sau uku ina kallo ta fito daga inuwar itatuwa ta matse wata ƙarama, sai da ta wuce rumfa sannan Kaka ya ɗaga tuta. Sauran motocin duk yana ɗaga musu a kan lokaci. Na ce ko ni ce ban iya kallo ba, sai na ajiye littafi na fara sa alama a bayan kwalin biskit. Masu ƙara bai kuskure ko ɗaya ba. Marar ƙarar nan ya makara sau tara.

Da dare ina neman almakashi a aljihun teburin kicin, sai ga takardar likitan idon Kaka. Yanar ido ce, duka biyun. An ba shi ranar yi masa aikin ido tun watan Mayu, ya ɗaga zuwa Satumba. A nan ya same ni riƙe da ita. Bai yi faɗa ba, ya ja kujera ya zauna, ya ce in an taɓa idon sai ya yi makonni yana jinya, tsere ya wuce shi, alhali wannan ce shekararsa ta arba'in a rumfar. Ya ce da rana yana gani daidai gwargwado, fitilun motoci ne kawai suke watse masa kamar an fasa ƙwai a gilashi, kuma kunnensa ya fi idon yaran yanzu, ko ido rufe zai gaya min wace mota ce da giya nawa take ciki. Na ce to ita marar ƙarar fa? Ya yi dariya ya ce wannan ba mota ba ce, injin wanki ne.

Sannan ya kama hannuna ya ce, “Malama, ki yi min alkawari don darajar kakarki. Ranar Lahadin tsere in an sauke tuta, ni da kaina zan gaya wa kowa.”

Na yi masa, Mama. Kin san ni, ko mai burodi ta ba ni canjin da bai cika ba sai in ce na gode. Amma tun jiya nake tashi ina zama. In na buɗe littafi bayan rigar Kawu nake gani, da lambar nan da Anti ta ɗinka masa a karkace.

Ki gaishe da mai taimakonki a kicin. Ki riƙa sa rigar sanyi in za ki fita saman jirgi.

Taki har kullum,
Solène


Arnage, Talata 13 ga Yuni

Mamata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan iska ta yi muku sauƙi kuma kina samun barci. Muna lafiya.

Yau na rubuta jarrabawa. Ina ganin na yi ƙoƙari, sai dai awa ta ƙarshe na yi ta goge layi ɗaya ina sakewa. Saura ta baki nan da mako biyu, wadda ta fi ba ni tsoro. Malamarmu ta ce abin da ke kaina mai kyau ne, amma mai jarrabawa ba zai sunkuyo ƙarƙashin tebur ya nemo muryata ba. Duk aji suka yi dariya, ni ma na yi.

Ranar Lahadi su Kawu suka zo cin abinci. Ya shigo da wargin nan nasa, ya ce ina 'yar boko, wadda in ta ce ina kwana sai an kawo lasifika. Ya buɗe kwalbar rillettes, niƙaƙƙen naman nan, yana shafawa a burodi kamar mai yaɓen gini, Anti tana ce masa rigar aikin nan mai ruwan lemo fa ba ta ƙara faɗi. Kaka ya zuba kofi rabi a kofi rabi a faranti, ya ce hannunsa ne ya goce. Ba wanda ya kula sai ni.

Na bi Kawu har mota da niyyar in faɗa. Na ce Kawu, ya ce na'am, na ce tayarka ta baya kamar ba iska. Ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, ya ja min kunne ya tafi.

Na yi ta lissafi, Mama. Shekara goma sha ɗaya suna tsayawa tare ba abin da ya taɓa faruwa. Akwai shingen ƙarfe, akwai tarin tayoyi. Mako ɗaya ne kawai. Ina gama wannan lissafin sai in fara wani: gobe da jibi gwajin yamma ne, ana neman wanda zai tashi a gaba ranar Asabar, kowa zai taka mota iya ƙarfinsa, kuma duk da fitilu a kunne. Jiya har na ɗauki waya zan kira ofishinku a tura miki saƙo, sai na tuna me za ki iya yi daga tsakiyar teku in ban da ki kwana ba barci. Na ajiye.

Kaka ya wanke rigarsa ya shanya, ya goge usur ɗinsa da tsumma. Yana ta waƙa a bayan gida.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Solène


Arnage, Alhamis 15 ga Yuni, da safe

Mama,

Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yin sa. Kafin komai, kowa lafiyarsa ƙalau, ki fara da sanin wannan.

Jiya tun kafin a saki motoci aka fara ruwa. Na hau tudu da lemar Anti. Mutane ba su da yawa, sai wasu 'yan Holan sanye da ledar shara suna raba cuku, suka miƙo min na ce na ƙoshi alhali ban ci komai ba. Motoci suna fitowa daga kwana kowace da farin hayaƙin ruwa a bayanta. Manya fitilarsu fara ce, ƙanana rawaya, ko daga nesa kana bambancewa. Ni ina bambancewa. Kaka kuwa na lura ya karkatar da kai gefe guda kamar tsuntsu, kunne yake bai wa titi, ba ido ba.

Wajen takwas da rabi wata ƙaramar mota koriya ta fito ta taka ruwa ta juya. Ban taɓa sanin cewa mota in ta sulɓe a kan ruwa shiru take yi ba. Ba ƙarar taya, ba komai. Ta taho a gicciye, kai tsaye wajen rumfa. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, ina jiran Kaka ya fizge Kawu. Yana tsaye fuskarsa na kallonta sosai, tuta a naɗe, bai motsa ba. Na buɗe baki, ban san ko wani abu ya fito ba.

Ta daki tayoyi. Wani ɓangare na jikinta, kamar faɗin ƙofar firij, ya tashi sama ya tsallake shinge ya wuce ta gefen kafaɗar Kawu, ya kayar da tukunyar kashe wuta da ke bayan Kaka. Kawu ya durƙushe, ya miƙe, ya fara kaɗa rawaya kamar yadda aka koya masa. Direban ya fito da ƙafarsa yana dukan rufin motar don haushi. 'Yan Holan suka yi tafi.

Da aka yi hutu na zagaya bakin shingen waya ta bayan rumfa. Duk sun taru suna ɗaga ɓallen motar suna ɗaukar hoto. Kawu yana ba da labari da dariya, wai iskar abin ta yi masa aski kyauta. Ya daki kafaɗar Kaka ya ce tsoho, barci kake yi ko budurwa ka hango a kan tudu? Kaka ya ce feshin ruwa ne ya rufe komai, ko mujiya ba za ta gani ba. Kowa ya yarda. Madam Bouttier, shugabar rumfarsu, ta rubuta haka a littafinta. Ni kaɗai na san daga tudu, ninki uku na nisansa, na ga motar tun tana fara juyawa.

Yanzu da safe na sami Kaka a kicin. Na ce masa na gani. Ya ce me kika gani, ruwa kika gani. Na ce Kaka, ai Kawu ne. Ya ajiye cokali ya ce shi ya haife shi ko ni, wa zai fi shi son ransa? Ya ce yau ba ruwa, an ce sama za ta washe, a busasshen titi kuwa duk motar da ta kuɓuce sai ta yi kuka, zai ji. Na ce in marar ƙarar ce fa? Ya miƙe ya ce alkawari dai na yi, da sunan wadda ke kwance a maƙabarta, in ina so in zama irin mutanen da ke yin alkawari da baki kawai, to ga hanya nan. Ya ɗauki jakarsa ya tafi sansanin masu tuta tun ƙarfe tara, abin da bai saba ba.

Na share ɗaki, na sake sharewa. Na wanke kwanukan da suke a wanke. Mama, in na faɗa na ci amanarsa, kuma na ƙwace masa abin da shi kaɗai ya rage masa tun rasuwar Kaka mace. In na yi shiru, da yamma ƙaninki zai sake juya wa motoci baya yana dariya. Ke da me za ki yi? Na san ba amsa. Ƙarfe bakwai za a sake su.

Solène


Arnage, Juma'a 16 ga Yuni

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan ta same ki lafiya, kuma ki karanta ta kafin ta jiya ta tayar miki da hankali. Na sa musu lamba a bayan ambulan, amma na san ki, duk wadda ta zo hannu ita za ki buɗe.

Yau ba gudu, gari shiru sai ƙarar kwalabe. Bari in ba ki labari a jere.

Jiya da rana na zauna na rubuta abin da zan faɗa a takarda, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa, yadda aka koya mana. Na haɗa da kwalin biskit mai alamomi. Ƙarfe huɗu na hau keke zuwa sansani. Na sami motar kwanan Madam Bouttier, na tsaya a bayanta kusan minti ashirin ina karanta lambar motar. Sau biyu na juya keke. Ita ce ta leƙo ta taga ta ce jikar Armand, sata kika zo yi ko gaisuwa?

Na miƙa mata takardar. Ta shafa aljihu ta ce ta bar tabarau a rumfa, in faɗa da baki, kuma in ɗaga murya don shekara talatin na motoci sun cinye mata kunne ɗaya. Mama, na faɗa. Gabatarwa ta gudu, hujjoji suka gudu. Na ce Kaka ba ya gani, da kunne yake aiki, jiya ba ruwa ne ya rufe shi ba, kuma na yi masa alkawari ga shi ina karyawa. Da ƙarfi na faɗa, har wani mai gasa nama a tantin gefe ya waiwayo.

 Ta karɓi kwalin ta kai shi nesa da fuskarta tana duba alamomin. Sai ta aika a kira Kaka da Kawu, ta shigar da su ta rufe ƙofa, ni ta bar ni a waje riƙe da keke. Na ji muryar Kaka ta tashi, na ji ta sauka. Muryar Kawu ban ji ba sam, kuma kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da suka fito Kawu ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya yi taku biyar, ya dawo ya ɗora hannu a kaina ya ɗan danna, ya tafi. Kaka bai dube ni ba.

Madam ta ce min da a ce dokar littafi za ta bi, da yanzu Kaka yana hanyar gida. Abin da ta yanke shi ne shuɗiya ta bar hannunsa har abada. In akwai hasken rana zai riƙe rawaya, tunda can fitilu ba sa dukan ido kuma tazarar gajera ce, da wani a gefensa yana tayawa. Rana na faɗuwa zai koma tanti wajen rediyo da littafi. In bai yarda ba ya ajiye riga. Ta ce har ta ɗauka ya ajiye, sai ya tambaya wa zai riƙe shuɗiyar. Ta ce ɗanka.

Ƙarfe bakwai ina kan tudu. Sama ta washe, mutane sun cika har ba wurin ajiye jaka, ana ta rediyo da harsuna kala-kala ana faɗin wa ya fi wa da daƙiƙa nawa. Ban riƙe ko suna ɗaya ba. Su biyu kawai nake kallo, sun yi musayar wuri. Kawu yana fuskantar kwana, Kaka ya ba ta baya.

Motar farko da ta fito, kafaɗunsa suka yi tsalle har wuya. Ta biyu ma haka. Sau da dama na ga kansa ya fara juyawa zai waiga, sai ya mayar da ƙarfi. Marar ƙarar ce ta fi wahalar da shi, don sai iskarta ta kaɗa masa riga sannan yake sanin ta zo. Kawu kuwa ko sau ɗaya bai yi wargi ba. Hannunsa na dama na kan tuta, na hagu ya cusa yatsu biyu a ɗamarar Kaka, haka ya riƙe shi awa biyu cur. An ce motar azurfar nan da 'yar uwarta ne za su tashi a gaba gobe. Mutane suka yi ta ihu, ni dai ban sauko ba sai da mutanen tudu suka ragu.

Ban jira zagaye na biyu na dare ba, na koma gida. Ban ji shigowar Kaka ba.

Yau da safe na sauko na same shi a kicin da rigar aiki har yanzu, takalmi ɗaya a cire. Na gaishe shi. Na dafa kofi na zuba masa na koma bakin tukunya na ba shi wuri. Can ya yi magana, ba tare da ya ɗago ba.

“Shekara arba'in ina kallon su ido da ido, ban san haka suke da ban tsoro ba. Haka yaron nan yake tsayawa?”

Na ce haka.

“Shekara goma sha ɗaya?”

Na ce eh.

Ya daɗe yana juya kofin a faranti. Bai ce ya yafe min ba, ban kuma roƙa ba, don ban san ko abin a yafe ne ko a gode ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Ya cire ɗaya takalmin, ya ce in na gama tsayuwa a kansa kamar sandar fitila, in nemo lambar likitan nan in kira, in tambaya ko akwai wuri kafin Satumba. Ya ce in yi magana yadda za a ji ni.

Na kira. Sun ba shi huɗu ga Yuli, kin dawo ke nan. Ke za ki kai shi, don ya ce ba zai shiga motar Gaetan ba, wai tuƙinsa na mahaukata ne.

Gobe ƙarfe biyar za a fara tsere. Zan je tudu, ba zan ɗauki littafi ba, ba amfanin yaudarar kai. Ki yi mana addu'a ko da ta zo a makare. Anti Murielle tana gaishe ki, ba ta san komai ba tukuna, Kawu ya ce shi zai gaya mata bayan Lahadi. Ki dawo mana lafiya.

Taki har kullum,
Solène